Ɗan Aike Cikin Huhu: Yadda Manhajar Expect Ke Isa Kuala Lumpur

Duk wanda ya taɓa zuwa ofis neman wata takarda ya san halin akawu. Zai tambaye ka sunanka, ya jira. In ka faɗa, ya tambaye ka garinku, ya sake jira. Ba ya wucewa zuwa tambaya ta biyu sai an amsa masa ta farko, kuma ba ya yarda a rubuto masa amsoshin duka a takarda guda a aiko yaro da ita; tilas ne mai buƙata ya tsaya a gabansa da kansa. To, akwai manhajojin kwamfuta masu yawa da aka gina su da wannan hali na akawu. Su ne waɗanda ake yi wa magana ta hanyar buga umarni a kan baƙin allo, ba hoto, ba abin latsawa, sai rubutu zalla. Mutum ya buga, injin ya amsa da tambaya, mutum ya sake bugawa. Manhajar da ake sauya kalmar sirri da ita haka take. Wadda ake shiga wata kwamfuta da ita daga nesa, ita ma haka. Na'urorin da ke rarraba saƙonnin intanet tsakanin gari da gari kuwa, galibinsu ta wannan hanya ake ba su umarni.

Wannan hali ba ya damun mai inji guda. Wanda yake damu shi ne mai injuna ɗari uku, kuma birnin Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, yana cike da irinsu. Garin ya samo asali ne wajen 1857 a matsayin zangon masu haƙar kuza, a inda kogin Klang ya haɗu da na Gombak, kamar dai yadda kuza ta raya Jos. Amma tun daga 1985, da aka kafa cibiyar binciken lantarki ta MIMOS, gwamnatin ƙasar ta juya fuskarta wajen aikin kwamfuta. Ita cibiyar ce ta buɗe hanyar intanet ta farko a ƙasar cikin 1992, wadda aka sa wa suna JARING. A 1996 Firayim Minista Mahathir Mohamad ya keɓe wani yanki mai tsawon kilomita 50 da faɗin kilomita 15, daga tsakiyar birnin zuwa sabon filin jirgin sama, domin kamfanonin wannan sana'a. Sannu a hankali yankin ya cika da manyan ɗakuna masu sanyi inda injuna ke jere a kan kanta, ba dare ba rana.

A ɗauka injiniya guda a ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna an umarce shi ya sauya kalmar sirri a na'urori 300 kafin gari ya waye. In kowace ta ci masa minti biyu, aikin sa'a goma ke nan ba tare da ya tashi ya sha ruwa ba. Kuma a wajen na'ura ta ɗari biyu, lokacin da barci ya fara fizgarsa, yatsa zai zame, ya buga harafin da bai yi niyya ba, ya kulle kansa a waje. Washegari wani banki ko wani asibiti ya wayi gari ba hanyar sadarwa.

Wanda ya fara warware wannan matsala ma'aikacin gwamnatin Amurka ne mai suna Don Libes, na hukumar awo da ma'auni ta ƙasar, watau NIST, wadda ke Gaithersburg a jihar Maryland. A 1990 ya gabatar da wata 'yar manhaja da ya kira Expect, kalmar Ingilishi mai ma'anar jiran abin da ake tsammani. Kafin shi mutane sun gwada dabara mai sauƙi, watau su rubuta amsoshi a jere su tura wa manhajar gaba ɗaya. Dabarar ba ta ci ba. Dalili kuwa shi ne, manhajojin da ke karɓar kalmar sirri da gangan aka gina su don su ƙi karɓarta daga takardar aike. Sukan nemi abin buga rubutun da ke gaban mutum, su karanta daga can kai tsaye. A zamanin farko wannan abin bugawa wata tafireta ce ta lantarki da aka haɗa da kwamfuta ta waya, kuma har yanzu tsarin Unix da 'ya'yansa irin su Linux suna ɗaukar allon mutum tamkar waccan tsohuwar tafireta.

Abin da Libes ya yi shi ne ya yi amfani da wata kafa da ke cikin tsarin tun da can, wadda za a iya kira tafiretar ƙarya. Bututu ne mai baki biyu. Baki guda ana miƙa wa manhajar mai halin akawu, ita kuwa ta ɗauka mutum ne zaune a gabanta. Ɗaya bakin Expect ke riƙe da shi, tana sauraron duk abin da akawun ya faɗa, tana mayar masa da amsa a daidai lokacin da ya tambaya. Ɗan aike ne da ya sa rigar maigidansa, ya tsaya a gaban akawu, akawu bai gane ba.

Umarnin da ake ba wannan ɗan aike ba su da yawa. Akwai spawn, watau ta da manhajar da ake son yi wa magana. Akwai expect, watau jira har kalma kaza ta fito a allo. Akwai send, watau buga amsa kaza. Sa'an nan akwai interact, inda ɗan aiken ke ja da baya ya miƙa wa mutum ragamar, bayan ya gama masa gaisuwar ƙofa mai gajiyarwa. Libes bai ƙirƙiro sabon harshe don wannan ba. Ya ɗora aikinsa ne a kan harshen Tcl, wanda Farfesa John Ousterhout ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley cikin 1988. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a dawo kansa: Expect ba ta tsayawa da ƙafarta, a kan Tcl take zaune.

Wani abin dariya shi ne, cikin misalan farko da Libes ya nuna har da na wasa. Akwai wani wasan kwamfuta na lokacin mai suna Rogue, wanda ke ba ɗan wasa jarumi mai ƙarfi ko rarrauna bisa sa'a. Sai ya sa ɗan aikensa ya yi ta buɗe wasan yana rufewa har jarumi mai ƙarfi ya fito, sa'an nan ya kira maigida ya zo ya yi wasansa.

Daga nan abu ya bazu. Masu gina GCC, manhajar da ke fassara rubutun masana zuwa harshen inji, suna gwada aikinsu da wani tsari mai suna DejaGnu, wanda a kan Expect aka gina shi. Injiniyoyin sadarwa suna da RANCID, wadda ke zagaya na'urori ɗaya bayan ɗaya, ta shiga, ta kwafo yadda aka saita kowace, ta adana don ranar ɓacin rana. Da harshen Python ya yi ƙarfi, Noah Spurrier ya rubuta irin wannan dabara a cikinsa ya kira ta Pexpect. Ita ba manhaja ba ce da ake tayarwa ita kaɗai. Rumbu ce na umarni da wasu manhajoji ke ɗiba daga ciki, shi ya sa mutane da yawa ke amfani da ita ba su ma san tana cikin injinsu ba.

To, ta yaya abin da aka rubuta a Maryland ke isa wancan ɗaki mai sanyi na Kuala Lumpur? Injiniyan ba ya rubuta wa Libes wasiƙa. Yakan buga umarni guda na kalma uku ko huɗu, cikin 'yan daƙiƙoƙi manhajar ta sauka, ta zauna inda ya dace, ta kama aiki. Saukin nan yana ɓoye aikin wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, watau mai ɗaurin ƙunshi.

Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano sun san cewa noman goro daban, ɗaurin huhu daban. Manomi ya gama nasa tun da ya tsinko. Amma in ba a sami wanda ya iya jera shi cikin ganye ba, ya ɗaure, ya riƙa kwancewa a hanya yana yayyafa ruwa yana tsince wanda sankara ta kama, to, abin da zai isa kasuwar Kurmi ba zai sayu ba. Haka abin yake a nan. Marubucin manhaja yakan saki rubutunsa tsirara. Ƙungiyoyin da ke tattara dubban manhajoji su mai da su tsari guda, irin su Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993, da Fedora da ta fara a 2003 da goyon bayan kamfanin Red Hat, su ne ayarin. Kowace manhaja a cikin ayarin tana da mai kula da huhunta, kuma da yawa daga cikinsu aikin sa kai suke yi bayan sun taso daga wurin neman abincinsu.

Aikin yana farawa da wata takarda ta bayani. A cikinta mai ɗauri zai rubuta sunan manhajar, da lambar fitowarta, da inda aka ɗauko ta, da matakan gina ta, da kuma gurbin da kowane yanki nata zai zauna a cikin inji. Sai ya lissafa abokan tafiyarta, watau sauran manhajojin da ba ta aiki sai da su. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan aikin. In ya manta ya rubuta cewa Expect na buƙatar Tcl, ƙunshin zai sauka lafiya a injinsa, domin shi yana da Tcl tun da daɗewa, amma ya mutu a injin baƙo. Saboda haka ne ba a yarda a gina ƙunshi a kwamfutar mai ɗauri a rarraba. A Fedora akan gina shi a wani ɗaki na musamman cikin injunan ƙungiyar, wanda ake sharewa ƙal kowane karo, ba a sa komai a ciki sai abin da takardar ta ambata, kuma a yanke masa hanyar intanet don kada ya miƙa hannu ya ɗauko wani abu a ɓoye. Duk abin da mai ɗauri ya manta, a nan zai tonu.

Akwai kuma maganar izini. Ba a sa manhaja cikin ayari sai an tabbata mai ita ya yarda a kwafa, a gyara, a rarraba. Ta wannan fuska Expect ba ta ba kowa wahala ba, gama dokar Amurka ta ce abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya rubuta a bakin aikinsa na jama'a ne, ba mai haƙƙin mallakarsa. Pexpect kuma tana da lasin gajere na 'yan layuka, wanda ya sake wa kowa mara muddin bai goge sunan masu ita ba. Bayan wannan, a Fedora sabon ƙunshi ba ya shiga sai wani mai ɗauri dabam ya bincika shi layi layi ya amince, kuma sabon shiga sai wani tsohon hannu ya tsaya masa. A ƙarshe a buga wa ƙunshin hatimin ƙungiya na lissafi, wanda injin mai saukewa zai duba kafin ya buɗe. In an taɓa ko harafi guda a hanya, hatimin ba zai dace ba.

Duk wannan kowace manhaja na bi ta ciki. Amma irin su Expect da Pexpect suna da wata wahala tasu ta dabam, kuma daga ainihin aikinsu ta fito. Kyakkyawan mai ɗauri yakan sa a gudanar da gwaje-gwajen manhaja a lokacin gina ta. To, ga manhajar da duk sana'arta kwaikwayon mutum a gaban tafireta, an kai ta ɗakin da ba mutum, wani lokaci ma ba a tanadi tafiretar yadda take tsammani ba. Gwajin da ya wuce lafiya a gida sai ya faɗi a can, ba don manhajar ta lalace ba.

Sa'an nan ga maganar lokaci. Ɗan aike ba zai tsaya jiran akawu har abada ba. Expect takan jira daƙiƙa 10 in ba a faɗa mata wani abu dabam ba, Pexpect kuwa 30, daga nan su ce akawu ya ƙi magana. Ƙungiyoyin nan suna gina kowane ƙunshi a kan injuna iri iri, wasu masu sauri, wasu masu nawa, wasu kuma suna ɗauke da ayyuka ashirin a lokaci guda. Gwajin da ya dogara da agogo yakan wuce yau, ya faɗi gobe, ya sake wucewa jibi, ba wanda ya sauya komai. A nan ake gane gwani. Rago yakan kashe gwajin gaba ɗaya don ya huta, ya aika da huhun da bai leƙa cikinsa ba. Gwani yakan zauna ya gano ko agogo ne ko kuwa sankara ce ta gaske, in ya gano ya aika wa masu manhajar gyara don kowa ya amfana. Yadda lokaci ke da muhimmanci a wannan sana'a, Pexpect da gangan takan dakata kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa kafin ta buga amsa. Dalili shi ne, wasu manhajoji sukan rubuta tambayar kalmar sirri tukuna, sa'an nan su rufe allo don kada a ga abin da ake bugawa. Mutum ba ya da saurin da zai shiga wannan ɗan tsakani, amma inji yana da shi, kuma in ya shiga, kalmar sirrin sai ta bayyana a fili.

Harshe ma yana da nasa tarko, kuma ƙasa irin Malesiya, inda ake aiki da Malayanci da Ingilishi da Sinanci da Tamilanci, ta fi saurin faɗawa ciki. An gaya wa ɗan aike ya jira kalmar password. In an saita injin ya yi magana da Malayanci, ya kuma yi tambayar da kata laluan, wanda shi ne sunan abin a harshensu, ɗan aiken zai tsaya yana kallon akawu har wa'adinsa ya cika, alhali an tambaye shi tun tuni. Masu hankali sukan umarci injin ya koma harshensa na asali kafin su ta da ɗan aiken. Ranar da injuna suka fara tambaya da Hausa sosai, injiniyoyin Kano da Maraɗi za su gamu da wannan.

Ɗaurin kuwa ba sau ɗaya ba ne. A 2015 masu Pexpect suka ciro sashen da ke kula da tafiretar ƙarya suka mai da shi rumbu mai zaman kansa, suka kira shi ptyprocess. Ga marubutan, gyaran gida ne kawai. Ga masu ɗauri kuwa, sabon ƙunshi ne da sai an rubuta masa takarda, an bincika, an amince, kafin sabuwar Pexpect ta iya shiga. A 2018 harshen Python ya fito da bugu na 3.7, wanda ya keɓe kalmar async ta zama tasa shi kaɗai, ba mai ikon sa wa wani abu wannan suna. Pexpect kuwa ta daɗe tana amfani da kalmar. Masu ita sun riga sun ƙara mata ɗan layi a ƙarshe don kauce wa karo, amma duk inda aka haɗa tsohuwar Pexpect da sabon Python, sai abu ya tsaya cik saboda kalma guda. A farkon 2020 aka daina kula da Python na 2 baki ɗaya, aka bi dubban ƙunshi ana sauya su ko ana zubarwa. Ita uwar, Expect, fitowarta mai lamba 5.45.4 ta 2018 ce, sai ga Tcl da take zaune a kai ya yi babban sauyi zuwa bugu na 9 cikin 2024. Idan dokin ya sauya, sirdin bai sauya ba, mai ɗauri ne ke tsakiya.

Malesiya na cikin ƙasashen da suka fara gane cewa gwamnati na da ruwa a wannan magana. A 2003 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wata cibiya a Kuala Lumpur, mai suna IOSN a taƙaice, don yaɗa manhajojin da kowa ke da izinin gyarawa a ƙasashen Asiya da tekun Fasifik. A 2004 gwamnati ta ƙaddamar da babban shiri na shigar da irin waɗannan manhajoji cikin ma'aikatunta, ƙarƙashin hukumar gyaran aikin gwamnati ta MAMPU, aka buɗe cibiyar horaswa a Cyberjaya, kudu da birnin. Hujjar ita ce rage kuɗin lasin da ake biyan kamfanonin waje, da kuma kada ƙasa ta zama sai abin da mai sayarwa ya ga dama. Hujja ce mai kyau, sai dai rabin magana ce. Ƙasar da ke sauke ƙunshi kawai ba ta ɗaure ko guda, ta sauya wanda take dogara da shi ne, daga kamfanin da za ta iya kai ƙara zuwa baƙon da ba ta san fuskarsa ba. Shi ya sa taron masu amfani da Fedora da masu gina ta, wanda aka yi kwana uku ana yi a Bukit Jalil cikin Kuala Lumpur a watan Mayu na 2012, ya fi muhimmanci fiye da yadda girmansa ya nuna. A irin waɗannan tarurruka ne ɗalibi ke zama kusa da tsohon hannu, ya ga yadda ake rubuta takardar bayani, ya sami wanda zai tsaya masa.

Maganar baƙon da ba a san fuskarsa ba, ba tsoro ba ne na banza. Rubutaccen umarnin da injiniya ke ba Expect sau da yawa yana ɗauke da kalmar sirri a fili, kuma ɗan aiken yana shiga kowace na'ura da cikakken ikon maigida. Duk wanda ya iya cusa mugun abu cikin irin wannan rumbu ya sami mabuɗin gari. A ƙarshen watan Maris na 2024 duniya ta ga yadda hakan ke yiwuwa, ko da yake a wata manhaja ce dabam mai suna xz, wadda ke matse bayanai don su rage cin wuri. Wani da ya ɓoye sunansa ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon mai ita har ya sami amana, sa'an nan ya dasa ƙofar ɓoye a cikin abin da ake miƙa wa masu ɗauri. Ƙunshin ya riga ya shiga rumbunan gwaji na Debian da Fedora. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga injinsa daga nesa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin. Hatimin ƙungiya bai hana ba, gama hatimi yana shaida cewa ba a taɓa huhu a hanya ba ne kawai, ba ya shaida abin da aka ɗaure a ciki. Abin da ya taimaka shi ne al'adar tsare sabon ƙunshi a rumbun gwaji na wani lokaci kafin a sake shi ga jama'a. A can aka tare shi, bai kai ga yawancin injunan da ke bakin aiki ba.

Akwai kuma hanyar da ƙunshi ke mutuwa ba tare da wani mugu ba. Mai ɗauri yakan yi aure, ko ya sauya aiki, ko ya gaji. A Fedora in ya sauka, sai a kira ƙunshinsa maraya, a yi shela ko akwai mai ɗauka. In mako shida ya wuce ba wanda ya miƙa hannu, a cire shi daga ayari, kuma duk manhajojin da suka dogara da shi su shiga haɗarin bin sa. Fedora kuwa kusan kowane wata shida take fitar da sabon bugu. Injiniyan Kuala Lumpur da ya saba buga kalma huɗu ɗan aikensa ya sauka, zai sabunta injinsa wata rana ya buga su, injin ya amsa masa cewa ba ƙunshi mai wannan suna. Daga nan abu biyu ne a gabansa: ko ya koma bin na'urorinsa 300 da hannu, ko ya buɗe takardar bayanin marayan, ya rubuta sunansa a gurbin mai kula.